Waya Ɗaya, Aji Guda: Abin da Intanet Ke Iya Yi wa Malamin Karkara a Arewacin Kano

Wanda ya bar Kano ta hanyar Katsina, ya wuce Dawanau ya nufi Bichi, ko ya kama hanyar Daura zuwa Dambatta, da wuya idonsa ya sauka a kan fili marar mai shi. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake a haɗe, ɗorawa da kuka da gawo na tsaye a tsakani, kuma kafin wani ƙauye ya ɓace a bayanka wani ya bayyana a gabanka. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi yawa har ƙasa ba ta samun hutu, ana noma ta kowace damina da ƙarfin taki.

Wannan cunkoso yana da hannu biyu a kan makaranta. Shi ne ke cika aji har ya haura yara 100. Shi ne kuma ya jawo kamfanonin waya suka kakkafa turakunsu, domin inda mutane suke nan ciniki yake. Saboda haka malamin firamare a Makoda ko Minjibir ba a yanke shi daga duniya ba. Yana da waya a aljihu, sabis na zuwa yana tafiya, birni kuma ba nisa. Abin da ba shi da shi shi ne duk sauran kayan da masu ƙera manhajojin koyarwa suka ɗauka kowane malami yana da su.

A ranar 8 ga Yunin 2024, da Gwamna Abba Kabir Yusuf yake ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ya ce yara sama da miliyan 4.7 a jihar a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, kuma makarantu kusan 400 malami ɗaya ke riƙe da kowacce. A wannan ma'auni ya kamata a ɗora duk wata manhaja da aka ce za ta taimaki malami.

Mu fara da abin da ba ya aiki. Jerin kayan aikin da ake yawan tallata wa malamai a intanet, akasarinsu 'yan ƙananan manhajoji ne da ake liƙa wa burauzar Chrome: wata ta ɗauki bidiyon fuskar kwamfuta, wata ta gyara nahawu, wata ta ba da damar yin rubutu a kan takardar PDF. To Chrome ɗin da ke cikin wayar Android ba ya karɓar irin waɗannan ƙare-ƙare, sai na kwamfuta. Da wannan kaɗai rabin jerin ya faɗi. Firefox ne ya buɗe wa masu Android wannan ƙofa sosai a watan Disambar 2023, kuma a cikin abin da yake bayarwa, wanda ya fi yi wa malamin karkara rana shi ne uBlock Origin, mai toshe tallace-tallace. Ba don talla na ɓata rai kawai ba. Talla data take ci, data kuwa daga albashin malam take fita.

Haka wasannin tambaya da amsa irin su Kahoot, wanda aka fito da shi a Norway a 2013. Daɗinsa sai kowane yaro ko kowane rukuni na da na'ura a hannu. Plickers ya fi kusa da halinmu, domin waya ɗaya ta malami ta isa: ana buga wa kowane yaro kati mai zane, ya juya shi gefen da ke nuna amsarsa, malam ya haska ajin da kyamara, nan take ya ga wanda ya gane da wanda bai gane ba. Dabara ce mai kyau. Sai dai katunan 63 ne iyakarsu. Ajin da ya kai 90, labarin ya ƙare.

Darasin Dawakin Tofa

Ba sai an yi hasashe ba, an riga an gwada abu a yankin. A watan Oktoban 2019 aka ƙaddamar da shirin KaLMA na koyar da karatu da lissafi a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, haɗin gwiwar hukumar SUBEB ta Kano, Ma'aikatar Ilimi, Kwalejin Ilimi ta Sa'adatu Rimi, British Council da ƙungiyar TaRL Africa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An nufi yara sama da 37,000 na aji 4 zuwa 6 na firamare. Tushen shirin hanya ce da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro: a gwada kowane yaro shi kaɗai, a ga ko harafi yake ganewa, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari, sannan a raba yaran bisa matakin da suke, ba bisa ajin da aka rubuta su ba. Da Hausa ake fara karatun, lissafi kuma da tsinke da tsakuwa da abin da hannu ke iya taɓawa.

Ana cikin haka annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. A lokacin da makarantun kuɗi na manyan birane suka koma Zoom da Google Classroom, shirin bai bi su ba, don ya san gidajen da yake magana da su. Ya koma rediyo, da saƙon tes, da saƙon murya da ke shiga waya kamar kira, da takardun aiki da ake kai wa yara gida. Wato ko waɗanda ke da kuɗin masu tallafi da ƙwararru a bayansu, da suka zo isar da darasi ga yaron ƙauye, ƙaramar waya da rediyo da takarda suka zaɓa.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne, a wannan yanki intanet ba ta yaro ba ce tukuna, ta malami ce. Aikinta yana ƙarewa kafin a buga ƙararrawa. Malam ya shiga da daddare ko ranar da ya je gari, ya sauke abin da yake so, ya fahimce shi, washegari ya fito da shi ta bakinsa da allinsa. Manhajar da ta cancanci wuri a wayarsa ita ce wadda ke ci gaba da aiki bayan an kashe data.

Abin da ake saukewa a tafi da shi

Matsalar farko a ajin firamare ba ta wuce rashin abin karantawa ba. Yaro na iya gama aji 3 bai taɓa riƙe littafin labari da Hausa ba. A nan akwai rumbuna uku da kowace burauza ke buɗewa. African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta fara a 2014, yana da gajerun labarai masu hotuna a harsunan Afirka da dama, har da Hausa, an jera su mataki 1 zuwa 5 bisa wahalar karatu. StoryWeaver na Pratham Books, tun 2015, shi ma yana da na Hausa. Sai Bloom Library na ƙungiyar SIL. Dukkansu kyauta ne, kuma akasarin littattafan lasisinsu ya yarda a sauke, a buga, a fassara, har a sauya. Malamar aji 2 na iya sauke labarai goma a zama ɗaya, ta kwafi guda a allo da manyan baƙaƙe, ta zagaya da wayar layi-layi yara su ga hoton. In makaranta ta samu 'yan kuɗin fotokofi, kwafi 20 ya ishi aji a rukuni-rukuni.

Sai dai a karanta kafin a kai aji. Wasu fassarar tasu ta yi tsauri, wasu an rubuta su da ƙa'idar rubutun Nijar, wasu kuma rayuwar da ke ciki baƙuwa ce ga yaron Kunchi. Tunda lasisi ya ba da dama, gyarawa ba laifi ba ne.

Gaskiya ne a watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 da ta ce a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, aka koma Turanci. Amma sanarwa ba ta sauya harshen da yaro ke zuwa da shi daga gida, kuma Hausa tana nan a matsayin darasi. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turanci ba zai zame masa dutse biyu a lokaci ɗaya ba.

Na gwamnati kuma akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka buɗe a watan Maris na 2022. Dubban darussa ne na firamare da sakandare da aka ɗora bisa manhajar karatun ƙasa, wasu da Hausa, tare da kwasa-kwasan horar da malamai. Babban abin da ya bambanta shi shi ne yarjejeniyar da aka yi da Airtel, wadda ta sa mai layin kamfanin ke shiga ba tare da an ci masa data ba. Ga malamin da aka ɗora wa darasin da ba fanninsa ba, abin da ya zama ruwan dare inda malamai suka yi ƙaranci, kallon yadda wani ya koyar da batun kafin ya shiga aji ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Akwai kuma manhajoji biyu da tun asali don wuraren da babu intanet aka gina su. Kiwix, wanda aka fara a 2007, yana dunƙule Wikipedia gaba ɗaya cikin fayil guda a ajiye a waya, kuma akwai ta Hausa a ciki. Wikipediyar Hausa na ƙaruwa da ƙoƙarin matasa masu sa kai, amma ingancinta hawa-hawa ne, wasu maƙalun da gani ka san inji ne ya fassara su. Kolibri na ƙungiyar Learning Equality, wanda ya fito a 2017, ya fi zurfi: kwamfuta ɗaya ke riƙe da darussan, sauran wayoyi su haɗu da ita ta wayafai na cikin gida ba tare da ko sisin data ba. Duk makarantar sakandaren da ta samu kwamfutoci da sola, ko ta shirin AGILE na Bankin Duniya da Kano ke cikin jihohi bakwai na farkonsa, ko ta wata hanya, wannan ne abu na farko da ya kamata a sa musu.

Yadda fayil ke yawo kuwa, ba wanda zai koya wa Bakano. Hanyar da fina-finan Kannywood da karatuttukan malamai ke bi daga waya zuwa waya, ta Xender da katin memori da shagunan masu tura fim, ita ce dai darasi zai bi. Mutum ɗaya ya sauke, goma su karɓa. Shirin horar da malamai na TDP da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2013, wanda ya fara a Jigawa da Katsina da Zamfara kafin ya iso Kano da Kaduna, da wannan tunani ya raba wa malamai wayoyi ɗauke da bidiyon koyarwa. Kamfanin uLesson da Sim Shagaya ya kafa a 2019 shi ma a katin memori ya fara sayar da darussansa.

Murya ta fi hoto isa

Fuskar waya, in an matsu, yara biyar za su gani. Ƙaramar lasifika mai bulutut, irin wadda ake sayarwa a kasuwar waya ta Farm Centre da Beirut Road, tana isa har layin baya. Wannan bambanci ya isa ya sauya abin da malam zai nema. A darasin Turanci, inda malamin kansa wani lokaci bai taɓa jin an furta kalmar ba sai a rubuce, sautin da aka sauke daga shafukan koyon Turanci na British Council ko na BBC ya fi kowane bidiyo amfani. Malam ma na iya naɗar muryarsa yana karanta labari, ya kunna wa rukuni ɗaya yayin da yake fama da wani. A makarantar da mutum ɗaya ke riƙe da aji biyu, wannan kusan mataimaki ne.

Hoto yana da wurinsa a sakandare. PhET, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel a kimiyyar fiziks, ya kafa a Jami'ar Colorado a 2002, yana kwaikwayon gwaje-gwajen ɗakin kimiyya: ka haɗa batir da waya da ƙwan fitila, ka ƙara ƙarfi ka ga abin da zai faru. Ana sauke kowane gwaji a buɗe shi a burauza babu intanet. GeoGebra kuma na zana jadawalin lissafi da siffofi. Yankin da ya san darajar Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Tofa tun 1977 ba ya buƙatar a gaya masa amfanin ɗakin gwaji, kuma hoto ba zai maye gurbinsa ba. Amma malamin ƙaramar sakandare da ya yi wasa da gwajin a wayarsa har ya gane shi, gobe zai zo da batir biyu da guntun waya ya yi na gaske a kan tebur.

Aikin da ba a gani

In ka tambayi inda lokacin malami ke tafiya, ba a gaban allo ba ne kawai. Yana tafiya a haɗa makin gwaji da na jarrabawa na yara 100, a fitar da jimla da matsayi, a cike rajista. Wannan aiki ne da Google Sheets ko Excel ko WPS Office ke gamawa a waya, babu data, in an shirya jadawalin sau ɗaya. Ba shi da ƙyalƙyali, shi ya sa ba a cika ambatonsa a taron bita ba, amma ban san wata manhaja da ke mayar wa malami da awoyinsa kamar wannan ba.

Akwai ƙarin riba. Rajistar da aka juye cikin jadawali tana nuna abin da kowa ke zargi amma ba a riƙe da hujjarsa: ranar kasuwar da aji ke raguwa, makonnin shuka da noman farko, lokacin cirar gyaɗa da roron wake, da 'yan matan da talla ke janyewa. Hedimasta da ya je gaban kwamitin kula da makaranta ko mai unguwa da sunaye da ranaku, maganarsa ta fi ta wanda ya ce yara ba sa zuwa.

ZipGrade na duba jarrabawar zaɓi-ɗaya da kyamara, kuma yana yi ba tare da intanet ba. Na kyautarsa takarda 100 ne a wata, wanda aji ɗaya zai cinye, ga kuɗin buga takardun amsa. Kyamarar da ke cikin Google Drive ko CamScanner na mayar da shafi PDF, Google Lens kuma na ciro rubutu daga hoto a gyara shi ba sai an sake bugawa ba. Sai ƙaramin abu mai muhimmanci: allon rubutu na Gboard yana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ. Takardar jarrabawar Hausa da aka buga babu ƙugiya tana koya wa yaro kuskure da hannun malaminsa.

Sabon baƙo a WhatsApp

Tun watan Afrilun 2024 da Meta AI ya shigo WhatsApp a Najeriya, ƙirƙirarriyar basira ta isa wayar malamin da bai taɓa neman ta ba. Da Meta AI da ChatGPT da Gemini, shirin darasi da ke cin awa guda yana fitowa cikin minti ɗaya. Jarabar a bayyane take, musamman ga mai rubuta shirin don jami'in sa ido ya gani ya sa hannu.

In ba a yi wa wannan basira bayani ba, darasin da za ta kawo na wani aji ne a wata ƙasa: yara 25, majigi, takardu masu launi. Sai an gaya mata gaskiya. Yara 90 ne, babu littafi, akwai kara da tsakuwa da murafun kwalba, misalai su zo daga mudu da tiya da kuɗin cefane. A nan takan kawo abin kirki. Amma tana ƙirƙiro abin da babu ta faɗe shi da cikakken ƙarfin gwiwa, musamman a tarihin gida da addini, Hausarta kuma takan karkace. Haka Google Translate, da ya ɗauki Hausa tun Disambar 2013: yana taimaka wa malam ya gane sakin layi mai wuya, amma abin da ya fitar ba na kwafa a allo ba ne kai tsaye. Duk abin da inji ya rubuta sai an auna shi da manhajar karatu ta hukumar NERDC da littafin da ke hannu.

Ana yawan kafa hujja da gwajin da Bankin Duniya ya yi a Jihar Edo a 2024, inda ɗaliban sakandare suka yi makonni shida suna koyon Turanci da Microsoft Copilot bayan an tashi makaranta, aka kuma ga ci gaba. A tuna dai a ɗakin kwamfuta aka yi shi, a Benin, da malamai tsaye a kansu.

Wa zai biya?

A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi a Kano naira 71,000 ne tun ƙarshen 2024, a cikinsa ake abinci da kuɗin mota ko man babur zuwa makarantar da ke ƙauye. Caji ma a wurare da yawa sai an kai shago an biya. Duk wanda ya tsaya a taron bita ya ce malamai su rungumi fasahar zamani, ya kamata ya faɗi aljihun da datar za ta fito. Malamai mata, waɗanda wasu ke raba waya da mai gida ko 'ya'ya, su ne suka fi cancantar a fara da su.

Haɗari biyu kuma na tafe da wayar. Na farko, saƙonnin bogi da ke yawo a zaurukan WhatsApp na malamai, wai ana ɗaukar aiki ko raba tallafi, a cike fom da lambar BVN da NIN. Na biyu, ɗaukar hoton yara ko bidiyonsu a watsa, wani lokaci don dariya a kan wanda ya kasa karatu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta buƙaci izinin iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, a ƙauye bidiyon yarinya guda ya isa ya sa uba ya cire 'ya'yansa mata daga makaranta.

Duk da haka ba za a ce a jira ba, domin jarrabawa ba ta jira. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Jarrabawar ƙwarewa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, ita ma a kwamfuta ake yin ta. WAEC ta fara da masu zaman kansu a 2024, gwamnatin tarayya kuma ta bayyana aniyar mayar da WAEC da NECO kan wannan hanya. Yaron Tsanyawa da zai fara taɓa linzamin kwamfuta a ranar jarrabawa ya yi asarar mintuna kafin ya karanta tambayar farko. Manhajojin gwajin jarrabawa da ke aiki babu intanet suna da yawa, kuma ko zagayawa da waya ɗaya a ajin ƙarshe na sakandare, kowa ya amsa tambaya biyar yana kallon agogo na tafiya, zai rage wannan tsoro.

Abin da hukuma za ta iya yi bai kai sayen kwamfutar hannu ga kowane yaro tsada ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da ofishin ilimi, malamai kuma na haɗuwa a taron shiyya. Kwamfuta ɗaya a ofishin, mai ɗauke da Kolibri da Kiwix da labaran Hausa da aka tace da jadawalin maki da aka riga aka shirya, ta isa kowa ya cika wayarsa ranar taro. Masu kaiwa ma suna nan. KaLMA ya yi aiki da ɗaliban Sa'adatu Rimi masu koyon aikin malanta a matsayin masu taimakawa a aji, kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi tana tura nata ɗaliban gwajin koyarwa a makarantun yankin kowace shekara, mafi yawansu da waya a hannu kuma sun fi malaman da za su tarar sanin kanta.